Motsin jifa da gudun dangantaka

Motsin jifa shi ne tafiyar duk wani abu da aka cilla cikin iska aka sake shi, kamar dutse ko kibiya ko ƙwallo, wanda daga lokacin da ya bar hannu babu abin da ke sarrafa shi sai ƙarfin jan ƙasa da tirjiyar iska. Gudun dangantaka kuwa shi ne saurin abu da alƙiblarsa kamar yadda wani mai kallo yake ganinsu, ko mai kallon yana tsaye ko shi ma yana tafiya. A kimiyyar fiziks akan koyar da su tare, domin hanyar da abin jifa ya bi takan bambanta gwargwadon inda mai kallo yake.

Tarihi

Aristotle ya ɗauka cewa iska ce ke ci gaba da tura dutse bayan ya bar hannu. Ibn Sina (980–1037) ya ƙi wannan a cikin Kitab al-Shifa, inda ya ce mai jifa yana sanya wa dutsen wani karkata da ke zama a jikinsa har sai wani abu daga waje ya rage shi. A 1537 Niccolo Tartaglia, ɗan ƙasar Italiya, ya rubuta cewa harsashin igwa ya fi nisa idan aka ɗaga bakinta digiri 45. Galileo ne ya warware lissafin a littafinsa na 1638, sannan Isaac Newton ya kafa dokokin motsi a 1687.

Yadda jifa ke tafiya

Abin da Galileo ya gano shi ne jifa ɗaya tafiya biyu ce a haɗe, kuma babu ruwan ɗaya da ɗaya. Ta farko ita ce tafiyar gaba, wadda saurinta ba ya canzawa idan aka ajiye batun iska. Ta biyu ita ce ta sama da ƙasa, wadda jan ƙasa ke canza saurinta da kusan mita 9.8 a daƙiƙa, a cikin kowace daƙiƙa. A yankin Gumel, saboda kusancinsa da layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu, adadin ya ɗan ragu zuwa kusan 9.78. Wasu kan kira wannan ƙarfi maganaɗisun ƙasa, amma sunan yana ruɗarwa, domin yana jan itace da ruwa kamar yadda yake jan ƙarfe. Haɗuwar tafiyoyin biyu ita ke ba da lanƙwasar da ake kira farabola.

Yaron da ke korar tsuntsaye da majajjawa a gonar gero a Sule Tankarkar misali ne mai kyau. Idan ya saki igiya ɗaya, dutsen ba ya ci gaba da kewayawa, yana fita ne ta alƙiblar da ya fuskanta a daidai wannan lokacin. A ce ya fita da saurin mita 20 a daƙiƙa, a kan digiri 45, a fili miƙaƙƙe. Zai yi sama kusan mita 10, ya shafe daƙiƙa 2.9 a iska, ya faɗi a nisan kusan mita 41. Idan aka sauya zuwa digiri 30 ko 60, duka biyun mita 35 za su ba da, sai dai na 60 ya fi daɗewa a sama. Idan kuwa aka ninka saurin sau biyu, nisan yakan ninku sau huɗu, ya haura mita 160 a lissafi. Wannan ne amfanin igiyar majajjawa: tana ƙara wa hannu tsawo, dutsen ya fita da saurin da hannu kaɗai ba zai ba shi ba.

A ƙololuwar lanƙwasa saurin hawa yakan zama sifili na ɗan lokaci. Maginan gargajiya sun daɗe da sanin haka a aikace: mai miƙa tubali yana auna jifarsa yadda tubalin zai ƙare hawansa daidai hannun maginin da ke kan katanga, shi kuma ya cafe shi ba tare da ya buge shi ba. Haka masu lodin kankana a mota suke yi.

Tasirin iska

Lissafin da ke sama ya fi dacewa da abu mai nauyi, dunƙulalle, wanda ba ya gudu sosai. Iska takan rage nisan jifa, ta sa saukowa ta fi hawa tsaye, kuma mafi nisan jifa yakan koma ƙasa da digiri 45. A wajen shiƙar gero ko riɗi ana cin moriyar wannan: tsaba na zubowa kusan a tsaye, ƙaiƙayi kuwa, da yake ba shi da nauyi ga faɗi, iska na kwashe shi gefe.

Gudun dangantaka

Ƙa'idar mai sauƙi ce idan tafiya a kan layi ɗaya ake yi: masu tafiya wuri guda ana ɗebe saurin ɗaya daga na ɗaya, masu fuskantar juna kuma ana haɗa saurinsu.

Fasinja a jirgin ƙasa, a ce a layin Kano zuwa Nguru da ya ratsa ta Gagarawa, idan ya cilla lemo sama yayin da jirgin ke tafiya da sauri ɗaya a miƙaƙƙen layi, lemon zai dawo tafin hannunsa. A idonsa lemon ya hau ya sauko a tsaye. Manomin da ke gefen layi kuwa farabola zai gani, domin lemon yana ɗauke da gudun jirgin tun kafin a cilla shi. Dukansu sun faɗi daidai. Galileo ya kawo irin wannan hujja a 1632 da jirgin ruwa, don ya nuna dalilin da ya sa mutane ba sa jin tafiyar duniya. Dalilin nan ne kuma ya sa wanda ya diro daga mota tana tafiya yake kifewa ta gaba: ƙafafunsa sun tsaya a ƙasa, jikinsa na nan da gudun motar.

Inda lissafin ya fi shafar rayuka shi ne wajen wuce mota. A ranar Alhamis, ranar kasuwar dabbobi ta Maigatari, hanyar Gumel takan cika da manyan motocin shanu. A ce tirela tana gudun kilomita 60 a awa, ƙaramar mota a bayanta tana 80. Direban ƙaramar yana jin yana gudu, amma dangane da tirelar kilomita 20 kacal yake yi, wato kusan mita 5.6 a daƙiƙa. Idan yana buƙatar cin mita 50 kafin ya fita, ya wuce tsawon tirelar, ya koma hannunsa, zai ɗauki daƙiƙa 9. A cikin wannan lokaci motarsa ta ci mita 200 na titi a hannun da ba nasa ba. Motar da ke tahowa daga gaba da gudun 80 ita ma ta ci mita 200, domin tazarar da ke tsakaninsu tana raguwa ne da kilomita 160 a awa. Ke nan sai direba ya hango aƙalla mita 400 babu kowa kafin ya fita, nisan da ƙurar hunturu kan hana gani a wasu ranaku.