Cututtukan idon da ake haihuwar yara da su: abin da ya kamata iyaye su sani

A nan Zongo, kamar sauran unguwannin Yamai, in aka ga jariri da manyan idanu sai mu ce tubarkalla. In an ga fari a tsakiyar ƙwayar idon kuma, sai a ce a bari ya girma, zai washe. To jama'a, wannan jiran shi ke makantar da yara, domin a watannin farko ne ƙwaƙwalwa ke koyon gani, in lokacin ya wuce, aiki ba ya maido da shi duka.

Yanar ido. Ba tsofaffi kaɗai take kamawa ba, ana haihuwar jariri da ita. Wani gado ne, wani kuma uwa ce ta kamu da rubela, wata irin ƙyanda, tana da ƙaramin ciki. In yanar ta rufe ido ɗaya, masana sun fi son a yi aiki wajen sati 6 da haihuwa, wato kusan lokacin da maijego ke gama wankan arba'in.

Hawan ruwan ido. Ruwan cikin ido ne ba ya samun hanyar fita, sai idon ya yi girma, baƙinsa ya yi hazo. Yaron na yawan hawaye, yana gudun haske. An fi ganin sa inda auren zumunci ya yi yawa. In uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayar gadon, ko da lafiyarsu lau, kowane ciki na da hatsarin 1 cikin 4.

Sankarar ido. Tana kama kusan jariri 1 cikin 15.000 zuwa 20.000, galibi kafin shekara 5, kuma wajen kashi 40 cikin 100 na gado ne. Alamarta farin ƙyalli a ido kamar na kyanwa da dare, wani lokaci a hoton salula ake fara ganin sa, ko kuma harara-garke. In an gano ta da wuri ana warkewa, in an yi sake tana kisa.

Zabiya. Su ma idonsu na rawa, rana na damun su. Tabarau, malafa da zama a bencin gaba a lakkol na taimaka masu sosai.

Ina za a je? A fara da likitar unguwa, a nemi takardar zuwa sashen ido na Babbar Asibitin Ƙasa ko ta Lamorde. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ɗauki matakin kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a asibitocinta. Yaron da ganinsa ya tafi kuma, akwai makarantar makafi ta Soli Abdurahaman a nan Yamai.

Kada a ɗiga nono ko ruwan magani a ido, kwalli ma ba ya cire yana. In an samu cutar ga yaro ɗaya, a kai ƴan uwansa su ma a duba su.