Cinikin Baki a Kasuwar Albasa: Ina Matsalar Take?

Akwai ra'ayin da ke ƙara samun karɓuwa tsakanin masu nazarin dokar kasuwanci, cewa cinikin da manoma da fatake ke ƙullawa da baki a Jega da Aliero da Maiyama bai kai matsayin yarjejeniya a idon doka ba, amana ce kawai. Wani lauya da ya fi kowa kafewa a kan haka ya kafa hujjoji uku: babu rubutu, babu niyyar shiga ƙarƙashin doka, kuma ana sayar da abin da ido bai gani ba. Maganin da ya kawo shi ne a koya wa manoma takardar yarjejeniya irin ta kamfanoni. A ganina, ya ga ciwon, amma ya ɗora magani inda ba nan yake ba.

Ginshiƙan yarjejeniya a dokar da muka gada daga Ingila sanannu ne: tayi, amincewa, abin musaya kamar yadda shari'ar Currie da Misa ta 1875 ta fayyace, sai niyya. Fiƙihun Malikiyya, wanda alƙalan ƙasar Gwandu ke hukunci da shi tun zamanin Abdullahi ɗan Fodiyo, ya tsaya ne kan masu ciniki, da kaya, da farashi, da abin da ke nuna yarda. Ba sai an tsawaita a nan ba.

Hujjar farko ba ta da ƙarfi. A tsarin Ingila asalin yarjejeniya ba ya buƙatar rubutu, sai a wuraren da doka ta keɓe, kamar cinikin fili. Malikiyya ma ta fi sassauci, domin duk abin da al'ada ta ɗauka alamar yarda ya wadatar, ko da miƙa kuɗi ne da karɓar kaya. Idan falke ya taya, manomi ya ce albarka, aka ƙara, ya ce ya sallama a gaban dillali, to tayi da ƙin tayi da amincewa duk sun auku. Imamu Malik bai ma ba da zaɓin warwarewa kafin a tashi daga wurin ba. Rubutu hujja ce ta tabbatarwa, ba shi ke haifar da ciniki ba.

Hujja ta biyu ma haka. Mutumin da ya biya la'ada, ya kafa shaidu, kuma ya san zai kai ƙara gaban sarkin kasuwa ko alƙali idan aka saɓa, da wuya a ce ba shi da niyyar ɗaure kansa.

Hujja ta uku ce ta cancanci a tsaya a kanta. Lauyan ya ce mai sayen gonar albasa tun tana ƙasa caca yake yi, kuma Musulunci da kansa ya hana cinikin garari. Gaskiya ne Shafi'awa sun hana sayar da abin da ke binne a ƙasa. Amma Malikiyya ta halatta sayar da albasa da karas da makamantansu idan sun nuna, domin gwani na iya kintatar su daga ganye da kuma ɗan abin da aka tona. Shi kuma sayen amfanin gona kafin kaka yana da babinsa, wato salam, da sharuɗɗa masu tsauri: a biya kuɗi nan take ko cikin kwana 3, a ambaci awo da siffa da lokaci, kuma kada a rataya cinikin a kan amfanin wata gona guda.

A nan dole in taƙaita da'awata. Ban ce kowane ciniki a waɗannan kasuwanni ya cika sharuɗɗan ba. Wanda ya ba manomi kuɗin taki da iri a kan zai biya da "buhu goma", alhali buhu suna ya tara, ya bar ƙofar rigima a buɗe. Abin da nake cewa shi ne, a mafi yawan lokuta gardama ba a kan ko an yi ciniki take ba. Tana kan awo, da makomar kafin alƙalami, da wanda zai ɗauki asara. Kuma a biyun ƙarshe dokokin nan biyu sun rabu.

Ɗauki kafin alƙalami. Tun shari'ar Howe da Smith ta 1884, dokar Ingila ta yarda mai saye ya rasa abin da ya ajiye idan ya janye. Malikiyya ta hana a sharɗanta haka. Ɗauki asara kuma. Dokar Sayar da Kaya ta 1893 ta sa asara ta bi mallaka a matsayin asali. Malikiyya kuwa tana da hukuncin ja'iha, inda ake rage wa mai saye farashi idan annoba ta ci amfanin kafin a cire shi, kuma a kayan lambu ana ragewa ko da abin da ya lalace bai kai sulusi ba. Ga albasa, wadda ruwa ko cuta ke iya halakawa cikin 'yan kwanaki, wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Ga kuma wani ƙulli. Sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya taƙaita hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga al'amuran iyali da gado da makamantansu, ciniki ba ya ciki. Saboda haka ƙarar da alƙali ya yanke da littafin fiƙihun Malikiyya, Mukhtasar Khalil, na iya ƙarewa gaban babbar kotu. Takardar da aka kwafo daga kamfanoni za ta iya shigar da manomin Aliero cikin sharuɗɗan da bai sani ba, wasu ma addininsa bai yarda da su ba.

Ba na ƙin rubutu, Alƙur'ani da kansa ya yi umarni a rubuta bashi a aya ta 282 ta Suratul Baƙara. Sai dai a rubuta abin da ake jayayya a kai, da Hausa, a boko ko ajami: nauyin buhu, ranar bayarwa, hukuncin kafin alƙalami, mai ɗaukar asara, da dokar da aka zaɓa. Ina kira ga shugabannin kasuwa da alƙalai da malaman jami'ar da ke Aliero su zauna su tsara wannan takarda tare da manoma.