Tsakanin zane da desan

Ku saurari yaran kwaleji a Damagaram ko Maraɗi idan sun taso daga lekol. Abin da suka yi cikin kaye da kireyo, "desan" suke ce masa. Amma wanda ke jikin bangon gidan kakansu a Birni, da na wuyan rigar babansu, da na bayan ƙwaryar fura, wannan "zane" ne. Mu masu karatun ilimin harsuna an koya mana cewa idan harshe ya ari kalma alhali yana da tasa, to akwai labari a wurin. Wannan labarin nake so mu bi tare, ƴan uwa ɗalibai: daga ina darasin desan ya fito, kuma me ya sa da ya shigo aji ya bar zanenmu tsaye a ƙofa?

Bari mu fara da kalmomin kansu. A Hausa, zana shi ne jan layi a kan wani abu. Wanzami ya zana fuska, magini ya zana bango, abin da Allah ya zana wa bawa ba ya gogewa, yaro mai ƙiriniya kuma a zane shi da tsumagiya har sawu ya fito. Zanen ɗaurawa daban ne, wasalinsa na farko gajere ne, rubutun boko ne kawai ya haɗa su. Muna kuma da zayyana, wadda muka aro daga Larabci da ma'anar ƙawatawa, har muka faɗaɗa ta: wanda ya yi bayani dalla-dalla sai a ce ya zayyana. Ita kuwa desan, a tsohon Faransanci kalma ɗaya ce da wadda ke nufin niyya ko shiri. Daga baya aka raba musu rubutu, ɗaya ta tafi da hoto, ɗaya ta tafi da manufa. Ku riƙe wannan, za mu sake cin karo da shi.

Darasin da muka gada an haife shi a Faransa a ƙarshen ƙarni na 19. Dokar Jules Ferry ta 28 ga Maris 1882, wadda ta tilasta karatun firamare, ta lissafa zane cikin abubuwan da za a koya wa kowane yaro. Hanyar da ake bi a lokacin ita ce ta wani masassaƙi mai suna Eugène Guillaume: layi miƙaƙƙe, kusurwa, da'ira, awo, sannan kwaikwayon abin da aka ajiye a gaban aji. Dalilin a fili yake. Ƙasar tana gasar masana'antu da Ingila da Jamus, tana bukatar leburori da magina masu iya karanta tsarin da aka zana a takarda. A 1909 aka sauke wannan hanya aka ɗauki ta Gaston Quénioux, wadda ta ce a bar yaro ya dubi abu da idonsa, ya zana yadda ya gani, ya sa launi. Daga farkon shekarun 1970 ma sunan darasin ya canza a can, suka daina kiransa desan. Wato su masu abin sun yi ta gardama a kansa, suna rushewa suna sake gini.

Mu kuwa abin ya iso mana cikin kayan mulkin mallaka. Nijar ta zama mallakar Faransa mai cikakken tsari a 1922, aka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926. Lekol ɗin wancan zamani aikinta ta fitar da akawu da tafinta da mushe. Ƴan ƙalilan da suka yi fice ake turawa makarantar William Ponty a Senegal, inda Bubu Hama da Jori Hamani da Jibo Bakari suka yi karatu. A can ana sa ɗalibi ya rubuta dogon bayani kan al'adun garinsu, ya kawo wa malamansa. Al'adarmu ta shiga aji ke nan, amma a matsayin abin da ake ba da labarinsa. Masu aikin hannu kuwa an ware musu gidansu daban, kamar Gidan Masu Sana'a da aka buɗe a Bamako a 1933, wanda bayan ƴancin kan Mali ya koma cibiyar koyar da fasaha ta ƙasa. A wajen Ingilishi ma kusan haka ne: makarantar da Hans Vischer, wanda Kanawa suka raɗa wa Ɗan Hausa, ya kafa a Nasarawa ta Kano a 1909, tana da sashen ƴaƴan sarakuna, da na malamai, da na masu sana'a. Tun daga tushe aka raba mai alƙalami da mai aska, kuma kowa ya san wanda ake girmamawa.

To mene ne aka bari a waje? Wata cikakkiyar makaranta ce, da darussanta da jarrabawarta. Almajirin da zai yi sauka ana yi masa allon zayyana, a raba fuskar allon gida-gida da awo, a cika da tawada baƙa da ja da rawaya. A aikin babbar riga, sau da yawa mai zana fasalin daban ne, mai ɗinkin daban. Mai zanen, wanda galibi malami ne da hannunsa ya saba da alƙalami, shi zai shata komai a kan yadi, sannan maɗinki ya bi sawu da allura. Kowane fasali da sunansa: aska biyu, aska takwas, tambari, dagi. Magina suna da tubali da makuba da zanko da bakan gizo, suna da sarkinsu, kuma yaro ba ya taɓa adon ƙofar zaure sai ya shekara da shekaru yana kwaɓa ƙasa yana kallo. Babban Gwani Muhammadu Durugu, da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, ɗan wannan makaranta ne. A nan hoto da manufa ba su rabu ba. Ana zana abu ne don a sa shi, ko a zauna cikinsa, ko a sha fura da shi. Abin da yau ake zuwa ƙasashen waje a koyo da sunan dizayin, ai shi ne wannan.

Maƙwabtanmu na kudancin Najeriya sun yi wannan gardamar a cikin makarantun sakandare kansu, shi ya sa labarinsu ya shafe mu. Aina Onabolu, wanda aka haifa a 1882, ya koya wa kansa zanen mutane, ya tafi Landan a 1920, ya dawo a 1922 da takardar shaida, ya shiga zagaya makarantun Legas yana koyarwa. Shi burinsa ya nuna wa Bature cewa baƙar fata ma ya iya zanen kama da awo da inuwa irin nasu. Ya matsa wa gwamnati lamba ta ƙaro malamai, sai aka kawo wani Baturen Ingila, Kenneth Murray, a 1927. Abin mamaki, Baturen ne ya ce wa yara su daina kwaikwayon Turai, su dubi kasuwa da gona da sassaƙar garinsu. A 1937 ya kai ayyukan ɗalibansa biyar Landan aka baje su, cikinsu har da Ben Enwonwu. Kowanne cikin mutanen biyu da gaskiyarsa da kuma gajiyawarsa: ɗaya yana iya raba yaro da gida, ɗaya yana iya kulle shi a gida ya hana shi leƙa waje.

A Zariya aka warware ƙullin, kuma ɗalibai ne suka warware shi, sa'o'inmu. A 1958 wasu samari a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello suka kafa ƙungiya, cikinsu akwai Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya. Suka ce za su karɓi kayan aiki da dabarun da malamansu Turawa ke koyarwa, amma kowa zai koma ya tono fasahar gidansu ya haɗa. Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, ya koya wurin mahaifiyarsa, daga baya ya mai da shi ginshiƙin koyarwa a jami'ar Nsukka. Onobrakpeya kuma ya yi shekaru da yawa yana koyar da zane a wata makarantar sakandare a Legas. Ka ga abin ya zagayo ya dawo aji.

A Nijar fa? Ku dubi hanyar da gwanayenmu suka biyo. Gidan tarihi na ƙasa da aka buɗe a Yamai a 1959, da ƙoƙarin Bubu Hama da Pablo Toucet, ya ba maƙera da dukawa da masaƙa rumfuna suna aiki a gaban jama'a. Mustafa Alasan, wanda aka haifa a 1942, makanike ne da ya koya wa kansa zane, ya haɗu da Jean Rouch, ya je Kanada wurin Norman McLaren, a 1966 ya fitar da fim ɗin kwaɗinsa mai motsi, Bon voyage Sim, ya ƙare rayuwarsa yana aiki a Tawa. Falke Barmu, manomi kuma magini, ya fara ginin masallacin Yama a 1962 da ƙasa da itace, a 1986 ginin ya ci kyautar Aga Khan. Alfadi harkar yawon buɗe ido ya fara karanta kafin ya koma ɗinki, ya kafa bikin FIMA a hamadar Tigidit a 1998. Mariyam Isufu ilimin kwamfuta ta fara yi kafin ta koma tsara gine-gine, ta mai da tsohon masallacin Dandaji ɗakin karatu tare da maginan garin. Duk ta ƙofar gefe suka shigo. Ni abin da ke damuna shi ne waɗanda ba su samu ƙofar gefen ba, kuma su ne suka fi yawa.

A kwalejin da na yi, awar desan ita ce awar da ake arawa. Idan malamin lissafi bai gama darasinsa ba, ita yake ɗauka. Idan an yi ta kuwa, a zana tulu a allo a ce mu kwafa, wanda nasa ya fi kama da na mushe shi ya fi maki. Cikin ajinmu akwai ɗan baduku wanda tun yana shekara goma yake huda fata yana fitar da dagi ba tare da ya ɗaga hannu ba. Ba a taɓa tambayarsa ba, shi ma bai taɓa tunanin abin da ya iya yana da alaƙa da lekol ba.

Na san abin da za a ce. Wasu za su ce babu kuɗi, aji ya cika, teburi ma bai isa ba. Gaskiya ne, amma ƙasa da kara da gawayi da tawadar allo ba sai an yo odarsu daga waje ba. Wasu iyaye kuma suna ƙyamar zanen abu mai rai saboda addini. Ba sai an yi faɗa da su ba, domin yawancin gadonmu na layi ne da ƙulli da kusurwa, kuma malaman allo ne suka rene shi. Wasu su ce wasa ne, a bar yara su yi lissafi. To wanda ya iya raba da'ira gida takwas daidai don ya fitar da tauraro a bango, me yake yi in ba lissafi ba? Akwatin sabulu, allon shago, tambarin ƙungiya, hoton da ake turawa a WhatsApp don tallar kaya, duk wani ne ke tsara su kuma ana biyansa. A ƙasar da mutanen da suka sassaƙa raƙuman dawa na Dabus, babban ya fi mita 5, tun dubban shekaru, bai kamata a ce zane baƙo ne ba.

Ga inda abin ya taɓa mu masu harshe. Tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram, a 2025 kuma aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Idan ranar ta zo da za a rubuta jadawalin kwaleji da Hausa, me za a sa a wannan gurbi? Idan aka fassara desan aka ce zane, alhali tulun nan dai ake kwafa, to suna kawai aka canza. Darasi yana tsayuwa ne da kalmominsa, saboda abin da yaro bai san sunansa ba da wuya ya tambaya a kansa, balle ya gyara shi ko ya ƙirƙiro sabo daga gare shi. Kalmomin nan kuwa suna bakin tsofaffi, kuma siminti da keken ɗinkin sirfani na zamani suna ture sana'o'in da ke ɗauke da su.

Saboda haka ga shawarata ga ƙungiyarmu. Hutun nan mai zuwa, kowa ya samu mai sana'a ɗaya a garinsu, magini ko baduku ko mai zanen ƙwarya ko mai lalle ko malamin zayyana. A gaishe shi yadda ya kamata, a nemi izini, a zauna. A rubuto sunayen fasali goma, a zana kowanne a gefen sunansa, a tambayi ta inda ake fara shi da inda ake ƙarewa, da wanda ya koya masa. A rubuta yadda ya faɗa da bakinsa, Ba'adare da Adaranci, Bagobiri da Gobiranci, kada a gyara masa. Waɗanda ke jin Zabarmanci ko Tamashek ko Fulatanci ko Barbarci su yi haka a nasu. In mun dawo mu haɗa, mu buga a fitowa ta gaba, mu kai kwafi ɗaya ɗaya ga malaman kwalejojin da muka baro.