Alhakin Mai Sayarwa: Tarihin Tuhumar Kamfanoni kan Kayan Yaƙi

Tambayar ko ɗan kasuwa yana da hannu a cikin abin da aka aikata da hajarsa ta shiga dokar ƙasa da ƙasa ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da kotun sojan Birtaniya ta zauna a Hambog a watan Maris na 1946 domin shari'ar Bruno Tesch, mai kamfanin da ke rarraba Zyklon B, wato maganin ƙwari da gwamnatin Nazi ta mayar gubar hallaka Yahudawa a sansanin Auschwitz. Tesch bai zuba gubar da hannunsa ba, amma kotu ta gamsu cewa ya san abin da ake yi da ita kuma ya ci gaba da aikawa, saboda haka aka rataye shi tare da mataimakinsa Karl Weinbacher a watan Mayu na shekarar. Bayan shekara biyu kuwa, alƙalan Amurka a Nuremba sun wanke shugabannin kamfanin IG Farben daga tuhumar wannan gubar, domin ba a tabbatar musu da sani ba, ko da yake an ɗaure goma sha uku daga cikinsu kan ƙwace dukiya da aikin tilas.

Tun daga nan sani ya zama ma'aunin hukunci, kuma da shi aka kama Frans van Anraat, ɗan kasuwar Holan da ya sayar wa gwamnatin Saddam Husaini sinadarin da ake haɗa iskar guba da shi. Wata kotun ƙasar Holan da ke Hague ta same shi da laifin taimaka wa laifukan yaƙi a 2005, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta mayar da ɗaurinsa shekara 17 a 2007, wato kusan shekara ashirin bayan harin Halabja na 1988 da ya kashe Kurdawa wajen dubu biyar. Abin lura shi ne mutum ɗaya aka ɗaure, kuma ita ma Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya, bisa yarjejeniyar Roma ta 1998, mutane kawai take tuhuma, ba ta da hurumin gurfanar da kamfani.

Wannan ma'auni ya yi rauni ƙwarai a gaban ƙananan kayan lantarki da ake kira cip, waɗanda suke sarrafa wayar hannu da mota kamar yadda suke sarrafa makami mai linzami, abin da dokar fitar da kaya ke kira haja mai amfani biyu. A watan Agusta na 2022 cibiyar bincike ta RUSI da ke Landan ta bayyana cewa ta gano aƙalla kayan haɗi 450 na ƙasashen waje a cikin nau'in makaman Rasha 27 da aka tsinta a Yukren, akasarinsu ƙirar kamfanonin Amurka. Kamfanonin suna cewa sun daina ciniki da Rasha tun da aka ƙaƙaba mata takunkumi, kuma kayan suna bi ne ta hannun dillalai a Hong Kong da Turkiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, hannu bayan hannu, har ya zama babu wanda za a ce ya sani.

Wannan uzuri yana da gaskiya a cikinsa, amma bai isa ba, domin kamfanin da ya ga cinikinsa ya ninka ba zato a ƙasashen da ke maƙwabtaka da Rasha ya riga ya samu alamar da ta wajabta masa bincike. A kan wannan ne kwamitin binciken Majalisar Dattawan Amurka, ƙarƙashin Sanata Richard Blumenthal, ya zaunar da jami'an Intel da AMD da Texas Instruments da Analog Devices a watan Satumba na 2024, inda ya zarge su da sakaci wajen bin sawun hajarsu bayan ta bar hannun dillali na farko.