Ashafar Ali ɗan Ziyad: Tarihin Wani Tsohon Littafi

Babu ɗalibin ilmi a ƙasar Hausa da bai san Ashafa ba, littafin nan na Alƙali Iyal da malamai ke karantarwa a zaure da masallaci. Mawallafinsa mutumin Sabta ne, ya rasu a Marrakesh cikin 1149. Amma maganarmu a nan a kan kwafi guda ne, wanda aka rubuta da hannu, ya ƙetare Sahara fiye da shekara 550 da suka wuce.

Abin da ya sa wannan kwafi ya yi suna shi ne wani ɗan rubutu da aka tarar a jikinsa. Wanda ya yi shi ya kira kansa Ali ɗan Ziyad Alkuɗi, mutumin Toledo ta ƙasar Andalus. Ya bayyana cewa ya sayi littafin, mai zayyana, daga hannun mai shi na farko, a kan miskali 45 na zinariya, a gaban shaidu. An yi cinikin a Tuwat, cikin kudancin Aljeriya ta yau, a watan Muharram na shekarar Hijira 873, watau 1468, yana kan hanyarsa ta zuwa ƙasar Sudan. Miskali ɗaya ya ɗan haura giram 4, ke nan an ba da zinariya kusan giram 200 saboda littafi guda. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin Hasan Alwazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya ba da labari a farkon ƙarni na 16 cewa a Tambutu ribar littattafai ta fi ta sauran haja.

Littafin ya zauna hannun zuriyar Ka'ati, waɗanda ke cewa Ali ɗan Ziyad kakansu ne. Daga cikinsu ne aka sami Mahmud Ka'ati, malamin zamanin Askiyoyi, wanda ya rasu cikin 1593. Da tafiya ta yi tafiya littattafan gidan suka watsu cikin ƙauyukan bakin Kwara. Isma'ila Diadié Haidara ne ya bi dangi ya tattaro su. Shehun malami John Hunwick ya gan su cikin 1999, ya buga bayanin rubutun cinikin cikin 2001, aka kuma buɗe musu ɗaki a Tambutu cikin 2003 da taimakon hukumar lardin Andalus ta Sifen. Da 'yan bindiga suka kama garin cikin 2012, sai aka sake raba su aka ɓoye.

To, sai dai masu nazarin tarihi ba su karɓar irin wannan rubutu ido rufe. Wasunsu sun yi shakkar sahihancin wasu rubuce-rubucen gefe na littattafan gidan Ka'ati. Dalili kuwa, kowa na iya ɗaukar alƙalami ya ƙara layi a gefen tsohuwar takarda, ko da bayan shekara 400 ne. Saboda haka dole a tambayi jikin littafin kansa.

Shaida ta farko ita ce takarda. A dā ba a yin takarda a ƙasashenmu, fatake ne ke kawo ta daga arewa. Takardar Larabawa ta dā ba ta da tambari, amma ta Italiya, in ka ɗaga ta wajen haske, za ka ga alamar masana'antar da ta yi ta. Yawancin littattafan zamanin Daular Sakkwato an rubuta su a kan takarda mai wata uku, wani lokaci har da sunan Andrea Galvani. Duk takardar da ke ɗauke da wannan suna ta ƙarni na 19 ce ko bayansa, komai abin da mai ita zai faɗa game da shekarunta. Ta biyu ita ce tawada: a duba ko ta gefe da ta tsakiyar shafi iri ɗaya ce, ko kuwa ɗaya ta fi ɗaya dusashewa. Ta uku salon rubutu, domin hannun Andalus daban, na Barno daban, na Hausa daban. Ta huɗu kuwa yadda aka haɗa littafin. Namu ba a ɗinke su, warware ake barinsu cikin tadarishi a sa a gafaka, kalmar da ake rubutawa a ƙasan shafi ita ke nuna wanda ke biye. Wannan ya sauƙaƙa wa almajirai karatu, amma kuma ya sa shafi na iya ɓata, ko baƙon shafi ya shigo.

Mai karatu na iya cewa ina ruwan mutumin Bagudo da littafin Tambutu? Ai kogi ɗaya muke sha. Bayan da rundunar Maroko ta karya Songhai a Tondibi cikin 1591, Askiyoyi sun janye kudu zuwa Dandi, yankin da iyakokin Nijeriya da Nijar da Benin suka haɗu a yau. Illo kuma, wadda ke cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo, tsohon zango ce a hanyar fataken goro masu zuwa Gwanja ta Nikki da Jugu, kuma malamai kan bi ayari da gafakarsu. Ga Gwandu kusa, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ya yi talifi. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta bar Illo a wannan gefe, Nikki a wancan, ta raba dangi, ta raba littattafansu.

Haɗarin da ke kan irin waɗannan littattafai a gidajenmu sananne ne: gara, ɗigar ɗaki lokacin damina, gobara, da rabon gado, inda akan kasa littafi ɗaya kashi uku. Shafin farko da na ƙarshe su ke fara lalacewa, alhali a nan ne ake samun sunan marubuci, da na mai littafi, da shekara. In sun tafi, littafin ya zama maraya.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa ɗalibai, musamman na Bagudo da Illo da Ka'oje da Lolo, in an tafi hutu a nemi izinin malamai da dattawa a duba gafakokin gida. A rubuta sunan littafi, da yawan shafinsa, da tambarin takardarsa, da sunayen duk waɗanda ya bi ta hannunsu. A ɗauki hotonsa, a mayar wa masu shi abinsu. Ali ɗan Ziyad layi kaɗan ya rubuta, ga shi har yau ana ambatonsa. Allah ya ba mu ikon riƙon amanar magabata, amin.