Kwale-kwalen Dufuna Da Abin Da Muka Manta A Gida



Mahaifina ɗan kasuwa ne, ya baro ƙasar Katsina ya zauna a nan Danchuwa tun kafin a haife ni. Kwanakin baya wani abokin cinikinsa daga Kano ya sauka a gidanmu, ya tambaye ni, "Ɗana, ban da kasuwar shanu ta Potiskum, me ake zuwa gani a Yobe?" Wallahi sai na yi shiru. Kunyar da na ji ce ta sa na yi wannan rubutu.

A shekarar 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin ƙaramar hukumar Fune da ke tsakanin Potiskum da Damaturu, sai ya ci karo da wani katako a ƙarƙashin ƙasa. Ashe kwale-kwale ne. A 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt a Jamus suka tono shi, aka yi masa gwaji aka gano shekarunsa sun kai kusan 8,000. Tsawonsa ya haura mita 8, an sassaƙa shi daga itacen maɗaci. Shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka samu a Afirka, ya girmi dalar Masar da dubban shekaru. Daga baya aka kai shi Damaturu aka adana.

Ku dubi abin da wannan ke nufi. Ƙasar da muke kuka da fari a cikinta, a da ruwa ne malale, lokacin da Tafkin Chadi ya ninka girmansa na yanzu sau da yawa, kuma mutanen wurin sun ƙware wajen sassaƙa.

Ba shi kaɗai ba ne. Akwai kufan Birnin Ngazargamu kusa da Geidam, hedikwatar daular Borno da Mai Ali Gaji ya kafa a ƙarni na 15, wadda aka ci da yaƙi a 1808 lokacin jihadi. Akwai Dagona, inda tsuntsaye daga Turai suke sauka lokacin sanyi. Ga kuma tsohon garin Fika na Bolawa, wanda sarkinsa ya dawo Potiskum da zama a 1924.

Na san rashin tsaro ya kori baƙi, musamman bayan harin da aka kai kasuwar shanu a 2012. Amma baƙo ba zai zo ganin abin da mai gida bai sani ba. Na gama sakandare a nan, ban taɓa ganin kwale-kwalen nan da idona ba. Na yi wa ƙannena alkawari in Allah ya kai mu bayan Sallah za mu shiga mota zuwa Damaturu mu nemi a nuna mana shi. In abokin Baba ya dawo, ina da amsar da zan ba shi.

Allah ya zaunar da jiharmu lafiya, amin.