Cutar da ta ɓullo wa maguna a 1979, da maganin da aka aro daga asibitin mutane

1/ Kafin 1979, da za ka tambayi likitan dabbobi a Amurka ko mage na kamuwa da ciwon tayirod mai wuce gona da iri, sai ya ce maka da wuya. Yau kuwa shi ne kan gaba a cututtukan homon na tsofaffin maguna. Ku biyo ni ku ji tarihin. 🧵

2/ Tayirod wata 'yar tsoka ce a wuya, ita ce idan ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Da aidin take haɗa homon ɗin da ke tsara saurin aikin jiki. In ta haɗa fiye da kima, jiki ya zama kamar babur da aka murɗe wa totur aka ƙi saki.

3/ A jikin mage alamar ita ce ci babu ƙoshi, amma kullum ƙara ramewa take. Ga yawan shan ruwa, ga amai, ga rashin zama wuri ɗaya, zuciya na bugu da sauri. In an bar ta haka, zuciyar ce ke gajiya, wani lokaci hawan jini ya makantar da ita.

4/ A 1979 wani likitan dabbobi, Mark Peterson, na asibitin Animal Medical Center da ke New York, shi da abokan aikinsa suka fara ba da rahoton cutar. A 1980 Jean Holzworth ta wani asibitin dabbobi a Boston ta wallafa nata. Daga nan sai aka riƙa ganin ta ko'ina.

5/ Yanzu ƙiyasi ya nuna kusan 1 cikin maguna 10 da suka haura shekara 10 na kamuwa. Abin sauƙin shi ne mafi yawan kumburin ba kansa ba ne.

6/ To da me za a yi magani? Likitocin ba su fara daga tushe ba, asibitin mutane suka leƙa. Na farko tiyata. Theodor Kocher na Suwizalan ya samu kyautar Nobel tun 1909 kan aikin tayirod. Sai dai a wuyan mage akwai wasu ƙananan ƙwayoyi manne da tayirod masu kula da kalsiyom. In wuƙa ta taɓa su, ran magen na cikin haɗari.

7/ Na biyu ƙwayar sha. An fara da propylthiouracil, sai aka ga yana lalata jinin wasu magunan, aka koma methimazole. Yana aiki, amma fa danne ciwon yake, ba ya warkarwa. Kullum sai an ba ta har ƙarshen rayuwa. Duk wanda ya taɓa ɗura wa mage magani ya san daga ce. 😅 Shi ya sa aka yi na shafawa a cikin kunne.

8/ Na uku shi ne mai tarihi. A 1938 Glenn Seaborg da John Livingood suka gano aidin-131 mai radiyeshin a Berkeley. A 1941 likita Saul Hertz na Boston ya fara yi wa mai ciwon tayirod magani da aidin mai radiyeshin. Daga baya mahaifiyar Seaborg ɗin kanta sai da aka yi mata magani da abin da ɗanta ya gano.

9/ Dabarar: tayirod ce ke zuƙe aidin ɗin da ya shiga jiki, kuma ɓangaren da ya lalace ya fi haɗama. Shi zai kwashe maganin, radiyeshin ya ƙone shi daga ciki, sauran jiki bai sha wahala ba. Duk kwana 8 ƙarfinsa na raguwa da rabi.

10/ A farkon shekarun 1980 Peterson ya gwada shi a maguna. Allura ɗaya a ƙarƙashin fata, kusan 95 cikin 100 su warke. Matsalar ita ce tsada, ga killace magen na kwanaki, kuma sai asibiti mai lasisi.

11/ A 2011 kamfanin Hill's ya fito da abinci mai ƙarancin aidin. Sharaɗi: kada ta ɗanɗana komai bayansa. In ta kama ɓera ko ta saci kifi a kicin, an koma gidan jiya.

12/ Wani tarko: ciwon na ɓoye ciwon ƙoda, saboda jini na gudu da ƙarfi ta cikinta. Kana daidaita tayirod sai na ƙodar ya bayyana. Shi ya sa likitoci kan fara da ƙwaya, su auna ƙoda, kafin a yi na dindindin.

13/ Magani dai an samu. Amma har yau ba a tabbatar da musabbabin ba. Gaskiya maguna sun fi daɗewa a duniya yanzu, gwajin jini ma ya yawaita. Ana kuma zargin abincin gwangwani, musamman mai kifi.

14/ Babban abin zargi shi ne PBDE, sinadarin hana kama wuta da aka riƙa sa wa a soson kujeru da kayan lantarki tun shekarun 1970. Siffarsa ta yi kama da homon ɗin tayirod. Yana zuba cikin ƙurar ɗaki, mage ta kwanta a kai, ta lashe jikinta. Binciken Janice Dye na 2007 ya samu PBDE mai yawa a jinin maguna. Zargi ne mai ƙarfi, ba hukunci ba. A 2009 yarjejeniyar Stockholm ta haramta wasu nau'o'insa.

15/ Me ya sa zai dame mu? A Minamata ta Japan, a shekarun 1950, maguna ne suka fara tangaɗi suna mutuwa saboda gubar makuri a kifi, kafin a gane cutar a mutane a 1956. Ƙurar da mage ke lasa, ita yaro mai rarrafe ke kai wa baki.

16/ Don haka in tsohuwar magenka na ci kamar gara tana ramewa, kada ka ce tsufa ne kawai. Kai ta wurin likitan dabbobi, ka tambaya ko za a auna T4 a jininta. Kada kuma ka ba ta maganin mutane da kanka.